Awon Kifin Kebbe

Malam Bube ya rataya kwando na huɗu a ƙugiyar sikeli ke nan, allura ba ta gama rawa ba, sai ya ji tsayawar mota a bakin kasuwa. Bai waiwaya ba. Ya jira allura ta tsaya a kan laba talatin da ɗaya, ya ninka sau uku a ka, ya rubuta casa'in da uku a fom, ƙarƙashin layin da aka buga da manyan baƙaƙe: GULBIN ZAMFARA, KEBBE.

"Malami, yi sauri," in ji Dogo, dillalin banda mai rumfar. "Kai kana awon kifin da ba ka ci, ni masu saye na tsaye."

"Saura biyu."

"Kullum saura biyu. Gwamnatinku dai ba ta ƙoshi da lamba."

Shekara biyu da wata bakwai ke nan Bube yana aikinsa a rumfar nan ta kasuwar Tambuwal. Shekarar da ta biyo bayan samun mulkin kai aka ɗauke shi malamin kifi, aka ba shi keke da sikeli da damin fom, aka ce kowane mako ya je Kebbe ya tsaya bakin gulbi ya auna abin da masunta suka kamo. Sau biyu ya je. Sarkin Ruwan Kebbe, Ɗangiwa, wan mahaifiyarsa ne. A gidansa ya tashi, shi ne kuma ya yarda aka kai shi makaranta. Zuwan farko Bube ya tsaya cikin kakinsa, sikeli na jaka, ya kasa buɗe baki ya ce wa mutumin da ya rene shi ya kawo kifinsa a auna. Ya ci tuwo ya komo. Zuwa na biyu ya fito da sikelin. Masunta suka yi tsit, wani daga baya ya ce ashe ɗan gida aka aiko da jangalin kifi. Kawun ya ci gaba da ɗinkin tarunsa.

A kan hanyar komowa ne dabara ta zo masa. Kifin Kebbe ai Tambuwal ake kawo shi bayan an yi banda, littafin kwas ɗin da ya yi kuwa ya ce laba ɗaya ta banda daidai take da uku ta ɗanye. Ya nemi rumfar Dogo. Da farko abin yana yi masa nauyi, daga baya ya saba. Kebbe kuma bai sake takawa ba, sai dai da salla ya aika da goro da yadi.

"Malam Bube! Ashe nan za mu same ka."

Malam Lauwali ne, shugabansa daga Sakkwato, yana ratsa mutane yana tattare babbar riga. A bayansa akwai wani siririn mutum mai tabarau da riga mai aljihu huɗu, ya rungumi jakar fata.

Bube ya russuna. "Ranka shi daɗe. Takarda ta ce jibi za ku iso."

"Baƙonmu yana da sauran tafiya, shi ya sa muka matso da ranar. Wannan Mushe Atiku ne, wato Malam a bakin Faransa, daga Gaya ta ƙasar Nijar. Aikinku ɗaya."

Suka gaisa. Malam Lauwali ya yi bayani a tsaye, da murya irin ta wanda ya riga ya yi bayanin a wurare uku. Ƙasashen da ke kan kogin Kwara sun shirya su riƙa haɗa lambobinsu na kifi wuri ɗaya, domin kifin da ya haihu a fadamar wannan da damina, a ruwan wancan ake kama shi da rani. Shekara uku ke nan awon Gaya yana sauka. Na Yawuri ma haka. Na Kebbe ne kaɗai yake hawa.

"Sai ya ce lallai ya zo ya ga yadda kuke yi," in ji Malam Lauwali. "Na ce masa yaronmu ne, mu muka koyar da shi." Ya dubi sikelin da ke rataye a azarar rumfa. "Me kake aunawa a kasuwa?"

"Gwaji ne, ranka shi daɗe. Ina gwada na kasuwa da na bakin gulbi."

"Ka ji ko, Mushe? Ba wanda ya sa shi."

Mushe Atiku ya matsa kusa. Ya tsuguna gaban kwandunan, ya juya ɗaya. A gindinsa akwai zane ɗaya na shuɗin fenti, faɗin yatsa biyu. Ya juya na biyu, ya juya na uku.

"Maigida," ya ce wa Dogo, "wanga kifi daga ina?"

Dogo ya saci kallon Bube. "Daga ruwa, Mushe."

"Wane ruwa?"

"To ni ban tambaye shi fasfo ba."

Mutanen rumfa suka yi dariya, Malam Lauwali ma ya yi. Mushe Atiku ya murza fentin da babban yatsa, ya dubi yatsan, ya miƙe.

Hanyar Kebbe mil ashirin ce da 'yan kai, rabinta rairayi. Malam Lauwali ya zauna gaba tare da direba. Bube da baƙon suka zauna baya a benci biyu masu fuskantar juna, sikeli da fom a tsakaninsu. Sun wuce gonakin bayan gari kafin Mushe Atiku ya sunkuyo, yadda ƙarar mota za ta rufe maganarsa.

"Fentin nan nawa ne."

Bube ya dube shi.

"Ni na sa a riƙa shafa shi ga duk kwandon da anka auna a biro ɗinmu, wato ofishinmu na Gaya, don kada a auna shi sau biyu. Ni ke sayen gwangwanin. Kwando shida na gani a rumfar can. Biyar suna da shi."

"Ban sani ba," in ji Bube.

Gaskiya ce, amma ba duka ba. Ya sha ganin zanen, ya ɗauka alamar fatake ce. Ya kuma lura tun bara cewa motar da ke sauke wa Dogo kaya ta hanyar Jega take zuwa, ba ta Kebbe ba. Bai tambaya ba, don kada a gaya masa.

"Za ka faɗa wa Malam Lauwali?" in ji Bube.

"Ni baƙo ne. An aiko ni in ɗauki lamba in kai Yamai, ba a aiko ni shari'a ba." Ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. "Abin da ke damuna ɗaya. Kifin ga na auna shi, na rubuta. Ya hau mota ya zo nan, ka ninka shi uku, ka rubuta. Idan munka haɗa, gulbi ya cika a takarda. Manyanmu da naku sun ce in lamba ta sauka ko'ina, za a hana tarun nailan mai ƙananan idanu, wanda ba ya barin ko 'ya'yan kifi. To ta sauka ko'ina, ban da wuri ɗaya."

Mota ta faɗa rami ta fita. Malam Lauwali ya juyo yana riƙe da hularsa.

"Af, Malam Bube, kawun nan naka rigimamme ne. Sau biyu yana aiko kuka ta hannun hakimi, wai baƙin masunta sun zo da nailan sun kwashe gulbi, a hana su. Na sa aka amsa masa cewa awon ɗansa bai nuna haka ba. Bai gaya maka ba?"

"Bai gaya mini ba, ranka shi daɗe."

"Tsofaffi ke nan. Kullum jiya ta fi yau."

Bube ya dubi takalmansa. Bai sake ɗaga kai ba har suka shiga Kebbe.

Suka gaida hakimi, suka sha ruwa, suka gangara bakin gulbi rana tana tsaka. Watan Maris ne. Gulbin ya janye ya bar rairayi mai faɗi, ruwan ya koma tafkuna masu haɗe da juna ta 'yar siririyar hanya. Daga can ƙetare ana hango bukkokin baƙin masunta, da fararen taruna shanye a kan sanduna. A wannan gefen, ƙarƙashin wata tsamiya, Sarkin Ruwa Ɗangiwa yana zaune kan tabarma da dattawa uku. Ya rame fiye da yadda Bube ya bar shi, gemunsa ya yi fari fat.

Bube ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya je ya durƙusa.

"Kawu, ina wuni."

Tsohon ya dube shi, ya daɗe yana duba.

"Bube. Ka iso."

"Na iso."

"Madalla."

Iyakarta ke nan. Aka shimfiɗa wa baƙi tabarma. Kafin a gama gaisuwa mutane sun taru, masunta da masu banda da waɗanda suka zo kallon mota. Bube ya san kusan kowa. Akwai waɗanda suka koyi iyo tare.

Malam Lauwali ya sake bayaninsa, wannan karon da ƙarfi don kowa ya ji. Ya ce yau sunan Kebbe ya kai har Kaduna, gobe zai kai Yamai. Ya buɗe fayil ya karanta: bara waccan laba dubu goma sha tara, bara dubu ashirin da shida, makon jiya kaɗai ɗari shida da arba'in. Ba wanda ya yi tari.

"Duk aikin ɗanka ne, Sarki. Yana dai zuwa kowane mako ko?"

Yabo yake nufi, ba tuhuma ba. Yana murmushi ma. Dattawan uku suka sunkuyar da kai. Mushe Atiku ya zuba wa ruwa ido.

"Shina zuwa," in ji Ɗangiwa.

"Yana kuma aunawa a gabanka?"

"Shina awo."

"To Sarki, ka ga inda muka rasa gane ka. Kai ka ce kifi ya ƙare, takarda ta ce ya ƙaru. Wanne za mu gaya wa baƙo?"

Tsohon ya shafa gemu. Ya dubi ƙetare, inda fararen tarunan suke, sannan ya dubi tabarma.

"Ku gaya mishi na takarda. Ni na tsufa, ido ya rage."

Wani masunci a cikin taron ya ja tsaki, ya saɓa gorarsa ya bar wurin. Biyu suka bi shi. Sauran suka tsaya, amma ba mai duban Sarkin Ruwa, ba mai duban Bube.

"Shi ke nan, magana ta ƙare," in ji Malam Lauwali. Ya zaro kwafin lambobin da za a ba baƙo, ya miƙa wa Bube da alƙalami. "Sa hannu a ƙasa."

"In ba damuwa," in ji Mushe Atiku, "tunda ga jirage can na tahowa, ina so in ga awon da idona. Abin da ya kawo ni ke nan."

"Ƙwarai kuwa. Malam Bube, rataya sikeli inda ka saba."

Bube ya tashi da sikelin a hannu. Ya dubi tsamiyar. Reshen farko da ya gwada ya yi tsawo, igiya ba ta kai ba. Na biyu ya lanƙwashe. Yana tsaye yana neman na uku, sai muryar kawun ta zo daga baya, a sanyaye.

"Na hagu. Inda ka saba."

Ya rataya a na hagu.

Jirage tara suka iso, ɗaya bayan ɗaya. Masu su suka tsaya cikin ruwa iya gwiwa suna kallon Sarkin Ruwa, sai da ya ɗaga musu kai sannan suka kawo. Na farko laba shida, gargaza ƙanana da tarwaɗa biyu. Na biyu laba huɗu. Na uku ya juye gorarsa a kwando, abin da ya fito bai rufe gindin kwandon ba, wasu kifayen ba su fi yatsa ba. Mai jirgin, wanda suka yi wasan ƙasa tare da Bube, ya ce, "Malami, a hankali, kada sikelin gwamnati ya karye." Ba a yi dariya ba. Bube yana faɗin lamba, Mushe Atiku yana juya ta zuwa kilo a ƙaramin littafi. Da aka gama, jirage taran gaba ɗaya suka tashi laba arba'in da bakwai.

Malam Lauwali ya dubi fayil, ya dubi kwandon.

"Yau ba a yi sa'a ba ke nan."

"Yau ba sa'a," in ji Ɗangiwa.

"Haka ruwa yake. To, sa hannu mu kama hanya, rana na yi."

Bube ya karɓi takardar. Rubutunsa ne, mai tsabta, lambobi a jere kamar yadda aka koya masa. Hannunsa yana ƙarnin kifi, ya bar tabon yatsa a gefen takardar. Ya cire murfin alƙalami, ya mayar.

"Ranka shi daɗe, lambobin nan ba na Kebbe ba ne."

"Me ka ce?"

"Ban taɓa auna kifi a nan ba sai yau. Rabona da garin nan shekara biyu da wata bakwai. Banda nake aunawa a kasuwar Tambuwal, in ninka uku. Yawancinta daga Gaya take zuwa."

Malam Lauwali ya matso har babbar rigarsa ta taɓa shi, ya rage murya.

"Ba nan ba. Ba gaban baƙon wata ƙasa ba. Ka sa hannu, in mun koma Sakkwato mu gyara abinmu a cikin gida."

"In ta tafi Yamai ba ta gyaruwa, ranka shi daɗe."

"Ni za ka koya wa aiki?"

Bube ya juya wajen taron, ya sake faɗin abin da ya faɗa, da ƙarfi, tun daga farko. Bai rage komai ba. Ya ƙara da cewa kukan da Sarkin Ruwa ya kai sau biyu gaskiya ne, takardarsa ce ta kashe shi.

Ba wanda ya yi mamaki a cikin masuntan. Wata tsohuwa mai banda ta ce, "To, ai ga shi nan," ta ɗauki tasarta.

Mushe Atiku ya buɗe jakar fata, ya fito da babbar takardarsa mai layuka, ya ɗora a gwiwa. A gurbin Kebbe ya ja layi ɗaya daga sama har ƙasa. A gefe ya rubuta kwanan wata da kilo ashirin da ɗaya.

"Awon rana ɗaya ba ya isar manya," ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba. "Amma na mako guda cif, in an aiko, ana iya karantawa. Taron sai bayan salla."

Malam Lauwali ya fizge takardar daga hannun Bube, ya cusa a fayil. Fuskarsa ta yi nauyi. Ya yi wa Sarkin Ruwa sallama a gajarce, bai dube shi ba.

"Kai kuma, Malam Bube, ka same ni a ofis ran ɗaya ga wata. Ka zo da sikelin da keken da sauran fom."

"To, ranka shi daɗe."

Ba a ce masa ya shiga mota ba, shi ma bai nufe ta ba. Mushe Atiku ya ba shi hannu, ya hau. Motar ta yi ta fama da rairayi kafin ta hau tudu.

Taro ya watse da kaɗan-kaɗan. Dattawan uku suka tashi tare, kamar sun shirya. Aka bar Ɗangiwa a kan tabarma, Bube durƙushe daga nesa kaɗan, sikeli yana lilo a reshe.

Tsohon ya jawo tarunsa, ya nemo inda ya tsaya da ɗinki. Ya yi ƙulli uku kafin ya yi magana.

"Shekara talatin da fuɗu nika riƙe da ruwan ga. An ce da ni mai faɗa, an ce da ni mai taurin kai. Ba a taɓa ce da ni maƙaryaci ba."

"Kawu..."

"Yau na yi ta. Gaban mutanena, gaban baƙi, da bakina, don kada a ce ɗan gidana ya ji kunya. Kai ko ba ka bari ta kai la'asar ba."

Bube ya sunkuya. Ya sa goshi a kan gwiwa.

"Gobe in na ce musu kada kowa ya shiga tafkin gabas, wani zai ce, wanga ba shi ne ya ce ɗansa na zuwa ba?" Ya ja zare da haƙori ya tsinke. "Ran ɗaya ga wata anka ce?"

"I."

"Kwana nawa ya rage?"

"Tara."

"Takardun naka sun kai tara?"

"Sun fi."

Ɗangiwa ya naɗe tarun, ya dafa ƙasa ya miƙe da ƙyar. Bube ya yunƙura zai karɓar masa, tsohon ya janye. Ya saɓa abinsa a kafaɗa ya kama hanyar gari shi kaɗai. Bai ce Bube ya biyo shi ba, bai ce kada ya biyo ba.

Bube ya tashi, ya miƙa hannu zai kwance igiyar sikelin.

"Bar shi nan," in ji tsohon, bai waiwayo ba.